Ku daina miƙa wa manhajar sata makullin rumbun bayananku 🧵

1/ Ƴan kwamfuta, musamman masu furojet na ƙarshe da masu SIWES, yau da ku nake. Wannan fasasshiyar Navicat da ake yawo da ita a filash daga laftof zuwa laftof, ku goge ta. Wanda zai ji haushi ya ji.

2/ Ku tuna aikin irin wannan manhaja. Ita kake ba adireshin sabar, sunan shiga, kalmar sirri, wani lokacin har makullin SSH. Kuma ka danna "ajiye" don kada ta sake tambayar ka. Wato duk makullan gidan suna aljihunta.

3/ To wa ya fasa ta? Ba ka san shi ba. Amma umarninsa na farko shi ne ka kashe antibairos, sannan ka ba wani ɗan fayil cikakken iko a kan kwamfutarka. Mutum ya ce ka ɗaure kare kafin ya shigo, kai kuma har da yi masa sannu da zuwa. Haba!

4/ "Ai furojet ne kawai, babu komai a ciki." Yau ne babu komai. Gobe da wannan laftof ɗin za ka shiga rumbun wata makaranta ko asibiti: sunaye, lambobin waya, NIN, sakamakon gwaji. Amanar mutane ce. Najeriya kuma tana da dokar kare bayanai tun 2023.

5/ "Ba mu da dala." Wallahi na yarda, nima ɗalibi ne. Amma wannan hujjar ta daɗe da mutuwa, don na kyauta sun cika gari.

6/ DBeaver Community kyauta ce, lambobinta a buɗe suke. Tana hawa Windows, Linux da Mac, tana magana da MySQL, PostgreSQL, SQLite, Oracle da SQL Server. Aibinta ɗaya: a kan Java take, in RAM ɗinka 4GB ne za ka ji nauyinta.

7/ Mai ƙaramin laftof ya ɗauki HeidiSQL, kafin ka ƙifta ido ta buɗe. Mai PostgreSQL zalla ga pgAdmin. Mai MySQL ga Workbench. Mai SQLite ga DB Browser. JetBrains na ba ɗalibai DataGrip kyauta. Su kansu masu Navicat sun fitar da Premium Lite kyauta a 2024. Satar me kuma ta rage?

8/ Ga wani abu da nake so a DBeaver: in ka sa wa haɗi alamar rumbun da jama'a ke aiki da shi, sai ya koma ja, ta tambaye ka kafin ta zartar da umarni, kuma canjin ba ya zama sai ka tabbatar. Ranar da ka rubuta DELETE ka manta WHERE, za ka san darajar wannan.

9/ Masu cewa "shekara uku ina amfani da ita ban ga komai ba": wanda ya kwafi kalmar sirrinka ba ya aiko da sanarwa. Shiru ba lafiya ba ne.

10/ Yau ɗin nan: goge ta, bincike laftof ɗin, canza duk kalmar sirrin da ka taɓa ajiyewa a cikinta, sannan ka sauke sabuwa daga shafin masu ita. Ka tura wa wakilin ajinku wannan zaren, don filash ɗin yana hannun wani a cikinku.