Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya taɓa zama wurin da ake koya wa ƙananan 'yan kasuwa dabarun ciniki a Jos ya san inda ake samun cikas. Muddin ana maganar rance, kowa yana kasa kunne. Amma da zarar malami ya ce kowa ya ɗauko takarda ya rubuta jarinsa, da abin da yake kashewa, da inda yake son cinikinsa ya kai baɗi war haka, sai ɗaki ya yi tsit. Wani ya ce arziki na Allah ne, wani ya ce kakanninsa ba su yi rubutu ba kuma sun tara dukiya, wani kuwa ya yi murmushi kawai, gobe ba za a sāke ganinsa ba.

Masu wannan koyarwa ba baƙi ba ne a garin. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1971, a Jos hedkwatarsa take. A 2003 kuma aka kafa hukumar SMEDAN domin ƙananan masana'antu da matsakaita. Bankuna su ma kan nemi rubutaccen tsari kafin su ba da rance. Duk da haka littafi bai shiga rumfuna da yawa ba. Lalle akwai laifin 'yan kasuwa a nan, amma akwai na masu koyarwa, domin kuwa sau da yawa sukan ɗauka jahilci ne ke sa a ƙi su, alhali mutumin da ke ƙin yana da dalilansa.

Dalili na farko shi ne tsoron kada tsara abin da za a yi gobe ya zama shiga hurumin Ubangiji. Wannan kuwa malamai sun daɗe da warware shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ƙissar Annabi Yusufu, wadda Musulmi da Kirista duk suka sani, labari ne na tanadin hatsin shekara bakwai na wadata domin shekara bakwai na fari. Bugu da ƙari, mai fitar da zakkar ciniki ba shi da yadda zai cire ɗaya cikin arba'in sai ya ƙidaya hajarsa da kuɗinsa da basussukansa a ƙarshen shekara. Ashe ke nan wanda ke fitar da zakka daidai ya riga ya yi rabin aikin da malamin kasuwanci ke roƙonsa ya yi.

Dalili na biyu shi ne sirri. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɗan kasuwa yana tsoron idan ya rubuta abin da ya mallaka, takardar za ta faɗa hannun mai karɓar haraji, ko dangi su gani buƙatu su yi yawa, ko baki ya kama dukiyar. Wannan tsoro ba abin dariya ba ne, kuma malamin da ya ce mutum ya karanta jarinsa a gaban abokan hamayyarsa na kasuwa ɗaya ya kori ɗalibinsa da kansa.

Na uku shi ne yadda ake koyarwar. Akan tara mutane a zauren otal, a yi ta zuba Turanci, a raba musu fom mai shafi da yawa wanda aka tsara domin kamfani mai akawu da sakatare. Mai sayar da dankalin Turawa a Farin Gada ya dubi malamin, ya ga bai taɓa sayar da ko allura ba, sai ya ninke takardar ya sa aljihu. Na huɗu kuwa, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne fargabar abin da littafin zai nuna. Mutum yakan fi son ya ci gaba da zaton yana cin riba da ya ga ƙuru-ƙuru cewa uwar kuɗi yake ci.

To, amma in akwai garin da ya kamata ya san farashin rashin tanadi, Jos ne. Kuza ce ta kafa garin. Ita ta jawo leburori da fatake daga Kano da Bauci da Barno da Kudu, ita ta kawo jirgin ƙasa, ita ta raya Bukuru da Barikin Ladi. Mutane da yawa sun ɗauka ba za ta ƙare ba. Tun cikin shekarun 1970 haƙarta ta fara ja da baya, sannan a watan Oktoba na 1985 Majalisar Kuza ta Duniya da ke Landan ta kasa biyan basussukanta, farashi ya faɗi warwas. Mai tuwo da tela da mai kanti da suka dogara ga albashin ma'aikatan kuza duk suka ji a jikinsu. Waɗanda suka yi hangen nesa su ne suka juya ga tafkunan da haƙar ta bari, suka kama noman rani na tumatir da kabeji da karas.

Darasi na biyu ya fi wannan zafi. Babbar Kasuwar Jos ta Taminus, wadda aka faro tunaninta zamanin Gwamna Joseph Gomwalk aka kuma kammala a 1985, tana da rumfuna fiye da 4,000, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. A watan Fabrairu na 2002 gobara ta cinye ta, watanni kaɗan bayan rikicin Satumba na 2001. Aka shekara fiye da ashirin ba a sāke gina ta ba. Wanda ya zuba dukan abin da ya mallaka a rumfa guda, kuɗinsa a akwati a ƙarƙashin kanta, ba ajiya a banki, ba inshora, ya wayi gari ba shi da komai. Wanda bashinsa ke ka kawai, ba rubutu ba shaida, ya koma yana rantsuwa ana musa masa. Littafi ba ya kashe wuta, gaskiya ne, amma tsarin da ya raba dukiya gida biyu ko uku shi ke sa a iya tashi bayan an faɗi.

Ga misali domin mai karatu ya ga amfanin lissafi. A ce mutum ya sayi kwando 100 na tumatir a Jos, kowane a kan N10,000, watau N1,000,000. Kuɗin mota zuwa Mile 12 a Ikko, da dako, da la'ada, da abin da akan bayar a hanya, a ce sun kama N300,000. Kafin a sauke, kwando 10 sun ruɓe. Idan ya sayar da sauran 90 a kan N13,000, zai ga kamar ya ci N3,000 a kowane kwando, alhali N1,170,000 ya haɗa, watau ya yi asarar N130,000. Sai ya sayar sama da N14,400 kafin ya mai da kuɗinsa. Wannan lissafi bai cika rabin shafi ba, amma rashinsa ya durƙusar da fatake da dama waɗanda har yau suna ɗora laifin a kan sammu.

Saboda haka ya kamata masu koyarwa su sāke salo. Su bar otal su shiga kasuwa, su bi ta hannun sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi waɗanda ake jin maganarsu. Su yi magana da harshen da mutum ke ciniki da shi, su kuma yarda ya rubuta da boko ko da ajami, ko ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Su fara da abin da ya riga ya sani, kamar adashi da lissafin zakka da littafin bashi. Shafi ɗaya ya isa a farko: nawa ne jari, nawa ke fita, nawa maigida zai ɗauka domin cefane, nawa za a ajiye a wani wuri dabam, me za a yi idan hanya ta rufe. Su kuma tabbatar masa littafin nasa ne, ba mai gani sai wanda ya so. Wanda ya gano da hannunsa inda kuɗinsa ke zurarewa ba ya bukatar a roƙe shi ya ci gaba.

Su kuma 'yan Arewa mazauna Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, wannan magana ta fi shafarsu, domin suna ciniki nesa da gida. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na 2021, da dakatar da kai abinci Kudu da ya biyo baya, sun nuna cewa dare ɗaya hanya na iya rufewa, kaya su ruɓe a mota. Baƙo in ya faɗi, babu gonar gado kusa da zai koma. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuɗin littafi da biro bai kai na kwano ɗaya na abinci ba, kuma lokacin sayensu shi ne yanzu da kasuwa ke ci. Allah Ya sa albarka a nema.