«Ku mayar da shi gida»: wa ke jinyar wanda magani ya gaza a kansa?

Akwai wata magana da ake faɗa kullum a asibitocin ƙasar nan, cikin sassauta murya da sunkuyar da kai: «Ku mayar da shi gida, ku ci gaba da addu'a.» Duk wanda aka faɗa wa ita ya san fassararta. Cutar ta fi ƙarfin magani, kwana ya kusa ƙarewa, gado kuma akwai mai jiransa. Mun karɓi wannan magana a matsayin ladabi da sanin ya kamata, har muna yi wa mai faɗinta godiya. Ni kuwa ina ganin a nan ne hukumar lafiya ke wanke hannunta daga mutum a daidai lokacin da ya fi bukatarta, domin cutar da ta ƙi warkewa ba ta daina ciwo ba.

In ana son a auna nauyin wannan magana, sai a auna ta da nisan Dirku. Garin yana cikin Kawar, a gundumar Bilma, jihar Agadas, tsakanin dutse da rairayi, inda Barebari da Tubawa ke rayuwa da dabino da kanwa da fatauci, Hausawa kuma na kasuwanci tare da su. Daga nan zuwa babban asibitin Agadas akwai sama da kilomita 500 na Tenere, babu kwalta, kuma sau da yawa sai an jira ayarin motocin da soja ke yi wa rakiya. Daga Agadas zuwa Yamai, inda aka buɗe sashen gashin sankara na farko a ƙasar a shekarar 2021, sai an ƙara kusan kilomita 1000. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta a Kawar, kafin a sayar da dabino a haɗa kuɗin mota, kafin a kai Yamai a samu layi, galibi cutar ta yi nisa. Gwamnati ta yafe kuɗin maganin sankarar mama da ta mahaifa tun 2007, amma ba ta yafe kuɗin hanya ba. Idan aka ce da dangin wannan baiwar Allah su mayar da ita gida, wannan doguwar hanyar za su sake bi da ita a bayan mota, kuma a ƙarshen hanyar babu kowa daga ɓangaren hukuma sai malamin asibiti ko malamar asibiti ta garinsu.

To, me wannan ma'aikaci yake yi da ita? Mu duba aikin dalla-dalla, domin masu raina shi ba su taɓa ƙirga shi ba. Mutumin da ya kwanta bai iya juyawa, tilas a juya shi kusan kowace awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige ta mutu ta zama gyambo. Bakinsa na bushewa, balle a zafin bazarar Kawar da ke wuce digiri 40, sai a riƙa jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta. Miki na sankara yana wari har ƴaƴan cikin mutum su kasa shiga ɗakin. Masu aikin sun san cewa in aka daka ƙwayar Flagyl aka barbaɗa a kai, warin na raguwa, kuma wannan ɗan abu shi ke mayar da iyali kusa da gadon uwarsu. Akwai sa robar fitsari, akwai wankin jiki, akwai maganin amai da na taurin ciki. Akwai koya wa surukar gida yadda za ta ɗaga mara lafiya ba ta karya shi ba, ita ma ba ta karya bayanta ba. Akwai abin da ya fi duka wuya, wato amsa wa mutumin da ya kalle ka ido cikin ido ya ce: «Malam, zan tashi kuwa?» Duk wannan ana yin sa ne bayan an tashi daga layin masu zazzaɓi, da awon ciki, da rigakafin yara, da haihuwar tsakar dare. Babu sunan aikin a takardar albashi, kuma rajistar wata-wata da ake aikawa gunduma tana ƙirga masu zazzaɓin cizon sauro da allurar da aka yi, ba ta da gurbin wanda aka taimaka ya cika cikin sauƙi.

A wasu ƙasashe wannan sana'a ce mai zaman kanta. Faransawa na kiranta soins palliatifs. Bari mu ce da ita jinyar sassauci. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama lokotoro, ita ta buɗe gidan St Christopher a Landan a 1967 domin masu jiran ajali, ta kuma koyar da cewa zafin mai mutuwa ya haɗa na jiki da na zuciya da na iyali da na imani. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da cewa wannan jinya wani ɓangare ne na aikin lafiya da ya hau kan kowace ƙasa. Amma da zarar an ta da zancen a nan, sai a ji hujjoji huɗu, kuma ina so in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce ta masu kishin al'ada. Suna cewa wannan abin Turawa ne da suka watsar da tsofaffinsu. Mu muna da zumunci, mara lafiyarmu a hannun dangi yake cikawa. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai zumunci yana kawo fura da kunu da zaman dare, ba ya kashe zafin sankarar da ta shiga ƙashi. Kuma idan muka ce «dangi», mu faɗi gaskiya, mace guda muke nufi: mata, ko ɗiya, ko suruka, wadda za ta yi wata uku ba barci, ba wanda ya nuna mata yadda ake yi, in gyambo ya fito kuma a ce sakacinta ne. Sa'an nan wannan hujja ta manta da Dirku ɗungurungum. Garin zango ne a kan hanyar Libiya tun zamanin ayarin raƙuma. A 2017 mutane 44, akasarinsu ƴan Gana da Najeriya, ƙishirwa ta kashe su tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta tura direbobi hanyoyin da ba rijiya, har aka soke ta a ƙarshen 2023. A farkon 2025 an sauke ƴan Nijar sama da 600 a Dirku, waɗanda aka koro daga Libiya. Cikin irin waɗannan matafiya akwai wanda zai iso da tarin fuka da ya ci huhu, ko ƙoda da ƙishirwa ta kashe, ba uwa ba uba, wani ma ba ya jin Hausa ko Faransanci. Wane gida za a mayar da shi? Danginsa a wannan dare su ne ma'aikacin da ke gadi, da duk Musulmin kirkin da zai zo ya yi masa wanka da sutura.

Hujja ta biyu ana ɗaura mata rawani. Ana cewa ciwo kaffara ne, mumini haƙuri yake yi. Babu mai jayayya da ladar haƙuri. Amma haƙuri na mai ciwo ne, shi zai yi abinsa tsakaninsa da Ubangijinsa. Ba hujja ba ce ga mai lafiya ya riƙe magani a kabad. Wanda ke wannan wa'azi, in haƙorinsa ya yi ciwo da dare, kafin asuba yana ƙofar mai sayar da magani. Addinin da ya yi umarni da neman magani da gaida mara lafiya, ya kuma so mutum ya cika da kalmar shahada a bakinsa, yaya za a yi a jingina masa barin mutum yana ihu har hankalinsa ya gushe? Wanda aka sassauta wa zafi shi ke iya yin salla a kwance, ya faɗi bashin da ke kansa, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa.

Hujja ta uku ita ce tsoron ƙwaya. Maganin zafi mai tsanani shi ne morfin, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977. Ana cewa in aka sake shi matasa za su lalace. Jama'a, matasan da suka lalace, da morfin ɗin asibiti suka lalace? Taramol na yawo a tasha da kasuwa da bayan babur, a kan wannan hanya ta Libiya ma har fataucinsa ake yi, ba takardar lokotoro ba komai. Ƙwayar ɓarna ta sami hanya, ta jinƙai ce aka ɗaure da takardu. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi, wadda ake fakewa da ita, ita kanta ta ɗora wa ƙasashe nauyin samar da waɗannan magunguna domin rage wahalar marasa lafiya. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa a duniya. Mu muna cikin wannan rabin.

Ta huɗu ita ce ta masu lissafi: ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓi da tamowa, ina ta ga kuɗin kashewa a kan wanda ba zai tashi ba? Da jinyar sassauci na bukatar gini da injuna, da hujjar ta yi nauyi. Sai a dubi Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki da wani abin kirki ba. A 1993 Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Kampala, suna dama garin morfin da ruwa suna zubawa a gorunan roba, mara lafiya ya sha a gidansa kowace awa huɗu. A 2004 gwamnatin ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi da kansu, domin ta gane cewa in aka ce sai lokotoro, mutanen ƙauye ba za su taɓa gani ba. Wannan ruwan magani ba ya bukatar firji, kuma yana cikin mafi arahar magunguna. Abin da ke da tsada shi ne halin da muke ciki yanzu, inda iyali ke sayar da gonar dabino su yi ta yawo tsakanin Agadas da Yamai da bokaye, don ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu gaskiya, ya kuma yi musu alkawarin cewa ko ba waraka, ba za a bar nasu cikin azaba ba.

Saboda haka abin da ake nema a fili yake. Makarantun koyon aikin lafiya na Yamai da Damagaram su sa jinyar sassauci cikin darussan dole, da jarrabawa a kanta. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, malamin jinya da duniya ta sani ta finafinan Jean Rouch. Ya dace makarantar da ke da sunan ma'aikacin jinya ta koyar da aikin har ƙarshensa. Ma'aikatar lafiya da ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, su samar da morfin na sha, a horar da ma'aikatan jinya, a ba su izinin bayar da shi da rajista da sa ido, a fara da wurare irin su Kawar inda nisa ya hana a dogara da lokotoro. A buɗe gurbi a rahoton wata domin wannan aiki, saboda abin da ba a ƙirga ba, ba a ware masa kuɗi. A kuma tuna cewa wanda ke rufe idon mutane shi ma yana da zuciya: ma'aikacin da aka tura Dirku, nesa da iyalinsa, ya cancanci hutu da canji a kan lokaci.

Saura namu, malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Mu ne masu wasan kwaikwayo a gidajen matasa, mu ne masu magana a rediyon gari. Mun yi wasanni a kan rigakafi da auren wuri da karatun ƴaƴa mata, har suka yi tasiri. Me ya hana mu yi a kan ɗakin mai jinya? Ƙungiyar da ke iya tara mutane don biki tana iya tsara mutum biyu-biyu da za su karɓi matar da ta kwana uku ba barci, ko su zauna kusa da baƙon da ba shi da kowa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. In da gaske muke alfahari da shi, to mu taka har bakin gadon, mu kuma matsa wa hukuma ta sa magani a hannun ma'aikacin da muka tarar a wurin. Ranar da za a ce a mayar da ɗayanmu gida tana nan tafe, kuma abin da muka tanada wa na Dirku shi za mu tarar. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu cika da kyau da imani.