Kada Mu Jira Faranti Mai Araha



A taron ƙungiyarmu na watan jiya an kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Sai wani dattijo ya miƙe, ya ce ɗansa ya faɗa masa Turawa suna ƙera sabon farantin sola wanda ake yi wa feshi kamar auduga, wai zai yi araha ƙwarai, saboda haka mu dakata. Da yawa suka yi na'am. Ni kuwa ban yarda ba.

Yaron bai yi ƙarya ba. Cikin faranti akwai siraran yanka na silikon, wanda ake tacewa daga farin dutse. A Amurka aka fara yin mai amfani, a 1954. Kafin yankan ya ba da wuta sai an gasa shi da zafin da ya wuce digiri 800, wannan kuwa yana cin kuɗi. A 1977 waɗansu masana suka gano akwai irin robar da wutar lantarki ke bi ta cikinta, har uku daga cikinsu suka sami lambar Nobel a 2000. Yanzu ana gwada dama wannan roba a ruwa, a fesa ta a kan silikon, ta bushe da ɗan zafi kaɗan. Amma robar tana shan laima, tana saurin lalacewa. Aikin yana ɗakin gwaji tukuna. Ba shi a kasuwar Ƙaura Namoda, ba shi a Shinkafi.

Ko da ya iso, me zai rage mana? Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin faranti ya riga ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Famfo da tiyo da haƙar rijiya kuwa feshi ba zai taɓa kuɗinsu ba. Ga shi tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, mai albasa da tattasai a bakin gulbin Bunsuru ya san inda ribarsa take tafiya. Kowane rani da muka jira, mai sayar da fetur muke yi wa noma.

Da dattijon ya kawo maganar tsaro, da na saurara sosai, gama dukanmu a ƙasar Zurmi mun san halin da ake ciki. Faranti ba abin da za a bari ya kwana a fadama ba ne. A sayi ƙanana waɗanda amalanke za ta komo da su gida da yamma. Inda fita ta gagara, a kafa a rijiyar lambun cikin gari, mata su ma su amfana.

A sa mutum ɗaya ya riƙa goge ƙurar hunturu kowace safiya da tsumma mai laushi da ruwa. Kada kowa ya fesa wa gilashin kome.

Taro mai zuwa bayan sujada ne. Kowa ya zo da lissafin abin da ya kashe a kan fetur ranin da ya wuce.