Oxford, Mashigin Shanu

Duk mai bibiyar ƙwallon Ingila ya saba jin wata gaɓa tana maimaituwa a bakin masu sharhi: Brentford, Watford, Old Trafford, Stamford Bridge, Rashford. A fagen ilimi ga Oxford da Bradford da Salford. A kan titi ga motar Ford. Kakanninmu ma sun ji ta, domin gwamnan da ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922 sunansa Hugh Clifford. Wannan gaɓa, ford, kalma ce mai zaman kanta, kuma ma'anarta ba ta wuce abin da kowane makiyayi ya sani ba: mashigi, wato wurin da kogi ba shi da zurfi, inda mutum zai naɗe wando ya ratsa da ƙafa, dabbobinsa na biye. Bature yana amfani da ita a matsayin sunan wurin, yana kuma amfani da ita ga aikin ƙetarawar kansa.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Fiye da shekara 1,000 ke nan ana rubuta ta da haruffan nan huɗu, alhali yawancin kalmomin Turancin wancan zamani sun sauya kamanni har Baturen yau ba ya gane su. Masana harshe sun bi sawunta zuwa wani tushe na dangin harsunan Turai da Indiya mai ma'anar wucewa ko ƙetarawa. Daga tushen nan Jamusawa suka sami furt. Birnin Frankfurt, inda Babban Bankin Turai yake, mashigin ƙabilar Frank ne a kogin Main, kuma sunan ya bayyana a rubuce tun 794. Mutanen Norway suka sami fjord, gulbin teku mai kutsawa tsakanin duwatsu. Rumawa suka sami portus, tashar jirgin ruwa, wadda ta zama port a Turanci. Ta nan tushen ya iso bakin Bahaushe ba tare da ya sani ba: yana farkon Fatakwal, yana ƙarshen fasfo.

Me ya sa garuruwan Ingila da yawa ke ɗauke da wannan suna? Amsar tana cikin yadda tafiya take kafin gadoji su yawaita. Kogi ba ya ƙetaruwa a ko'ina. Sai an nemi inda ya yi faɗi ya baje, ƙasansa tsakuwa ce ko dutse, ba taɓo mai riƙe ƙafa ba. Irin wannan wuri kaɗan ne, don haka hanyoyi daga kowace fuska sukan tattaru a kansa. Idan ruwa ya cika, dole fatake su yada zango su jira ya janye. Mai jira yana buƙatar abinci da masauki da ciyawar dabba, sai kasuwa ta tashi. Inda kasuwa ta tashi, mai mulki zai zo karɓar haraji, ya gina ganuwa. A haka ƙauyen bakin ruwa ke zama birni.

Sunayen da aka laƙaba wa waɗannan wurare kuwa ba na fada ba ne, na matafiya ne, kowanne bayani ne ga wanda zai biyo baya. Bradford, mashigi mai faɗi. Stamford, mai duwatsu. Clifford, na gindin tsauni. Salford, na wajen wasu itatuwan bakin rafi. Stratford, garin da aka haifi Shakespeare a 1564, mashigin da tsohon titin Rumawa ya ratsa. Hereford, mashigin mayaƙa. Oxford kuma, wanda sunansa ya fara fitowa a kundin tarihin Ingilawa wajen shekarar 912, mashigin shanu ne a kogin Thames. Har gobe tambarin birnin jan sa ne yana ratsa ruwa.

Wanda ya riƙe mashigi ya riƙe ƙasa. A 1066, bayan William na Normandy ya ci yaƙin Hastings, an hana shi shiga Landan ta gadarta. Sai ya bi kogin sama har Wallingford, ya ƙetare a can, ya zagayo wa birnin ta baya. Kafin shekarar ta fita an naɗa shi sarkin Ingila.

Sai dai a yi hattara, ba kowane ford ne mashigi ba. Waterford da Wexford na ƙasar Ailan mayaƙan teku 'yan Viking ne suka raɗa musu suna, kuma fjord suke nufi. Wanda ya dogara da harafi kawai ya ce zai ratsa su da ƙafa, sai dai a tsamo shi. Asalin suna ba a cinkensa da kunne, sai an koma ga tsofaffin takardu.

Daga wuri kalmar ta koma kan mutane. Lokacin da Ingilawa suka fara riƙe sunan dangi, wanda gidansa ke bakin mashigi sai a kira shi Ford. Daga irin wannan zuri'a Henry Ford ya fito, wanda ya kafa kamfanin motarsa a 1903 a Amurka, ya fito da Model T a 1908. Abin dariya shi ne mota, wadda ta yaɗa sunan a duniya, ita ce ta ƙarasa kashe mashigai, domin injin ba ya shiri da ruwa, dole a gina mata gada. Waɗanda suka rage a ƙauyukan Ingila sun zama tarkon direbobi masu ganganci. Na Rufford, a yankin Nottinghamshire, ya shahara a intanet saboda bidiyon motocin da ke mutuwa a tsakiyarsa, har hukuma ta rufe shi a ƙarshen 2022.

Ga inda ra'ayina yake. Tun wajen 1096 ake karatu a Jami'ar Oxford. Sarakuna sun zuba mata dukiya, ta yaye firaministocin Birtaniya da dama, amma ba a taɓa ganin dacewar cire shanu daga sunanta a sa na wani sarki ba. Masu kuɗi da sarakuna da suka so a tuna da su, sabbin kwalejoji suka gina a cikinta, aka sa musu sunayensu. Mu kan ce suna linzami ne, amma tarihin wannan birni ya nuna cewa aikin da aka yi a wuri shi ke ɗaukaka sunansa.

A wajenmu al'adar ta sha bamban. Da babban mutum ya rasu, ko ma yana raye, sai a ɗauki tsohuwar jami'a ko titi ko unguwa a sauya mata suna cikin sanarwa guda. A 2012 aka ce Jami'ar Legas ta koma sunan Moshood Abiola, ɗalibai suka fito zanga-zanga, maganar ta bi ruwa. Ba Abiola suka ƙi ba, tarihin makarantarsu suka kare. Muna da sunaye masu aiki irin na Bradford da Stamford: Rijiyar Lemo, Kwanar Dangora, Mararraba, Gulbin Boka, Zango. Kowanne yana faɗin abin da ke wurin kafin kwalta da bene su rufe shi.

Don haka majalisun jihohi su kafa ƙa'ida: wanda za a karrama, a gina sabon abu a sa masa sunansa, tsohon suna kuwa kada a taɓa shi sai an ji ta bakin mutanen wurin. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu kuma su tura ɗalibai su rubuta asalin sunayen garuruwa da unguwanni tun dattawan da suka sani suna raye. Ingilawa sun kafa ƙungiyar wannan aiki tun 1923, gunduma bayan gunduma suke bi, har yau ba su gama ba. Mu ma lokaci ya yi da za mu ɗauki namu da irin wannan muhimmanci.