Raddi ga mai cewa lissafin i wasa da hankali ne

Wani ɗan'uwa malamin lissafi ya dage cewa koyar da tara lambobi irin su 3 + 2i ɓata lokacin ɗalibai ne. Hujjojinsa uku, kuma ko ɗaya ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Ya ce babu lambar da za a ninka da kanta a sami −1, saboda haka i ƙarya ce. Malam, a kan miƙaƙƙen layin lambobi kam babu ita, ba mu ja ba. To amma duba x³ = 15x + 4. Sa 4 a gurbin x, ka ga ta zauna daram: 64 nan, 64 can. Sai dai ƙa'idar da Cardano ya wallafa a 1545 ba ta kai ka ga wannan 4 sai ta ratsa da kai ta √−121. Bombelli, ɗan Italiya, bai gudu ba. A littafinsa na 1572 ya nuna amsar ita ce, a rubutunmu na yau, (2 + i) + (2 − i): i ta kashe 'yar'uwarta, 4 ta rage. Ta yaya ƙarya za ta haifi amsar da kai da kanka ka gwada ka tabbatar? Sunan "lambar zato" ne ya ruɗe ka, kuma Descartes ya laƙa mata shi a 1637, ba don yabo ba.

Ya ce 7 − 3i amsa ce da ba ta ƙare ba. Ta ƙare. A (3 + 2i) + (4 − 5i), 3 da 4 jinsi ɗaya ne, 2i da −5i ma haka, kowa da abokin tafiyarsa, sai a sami 7 − 3i. Wessel ya zana abin a 1799: wanda ya yi taku 7 gabas, ya yi 3 kudu, ba a cewa ya yi taku 4.

Ta ukun ce mai ɗan nauyi. Ya ce √−4 × √−9 tana ba da 6 ta wata hanya, −6 ta wata, lissafin yana tufka da warwara ke nan. A'a. Ƙa'idar haɗa √a × √b su koma √ab tana da sharaɗi: kada a da b duka su kasance ƙasa da sifili. Malam ya karya sharaɗin, sannan ya ɗora wa i laifi. Fito da i tukuna: 2i × 3i = 6i², kuma i² ita ce −1. Amsa ɗaya ce, −6.