Ina ayyuka 50,000 ɗin nan? Magana ga matasan kan iyaka kafin 21 ga Fabrairu

Jama'ar Ƙonni da Madawa, Gidan Runji, Madarunfa da Ɗan Isa, Matamai, Magarya da Dungas. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a fada ko a bakin tasha, don maganar ta shafi kowane gida.

Ranar Lahadi 21 ga Fabrairu 2021 za mu koma rumfunan zaɓe, zagaye na biyu. Mutum biyu suka rage: Bazum Mohamed na PNDS-Tarayya, da Mahaman Usman Nafarko na RDR-Canji. Takardar da ke hannunka ta Canji ce, ni ma ɗan Canji ne, ban ɓoye maka ba. Saboda haka kada ka yarda da ni don na faɗa. Ka auna kowace magana da abin da idonka ya gani a garinku cikin shekara goman nan.

A 2011, da Isufu Mahamadu ya hau mulki, cikin manyan alkawuran shirinsa na sake farfaɗo da Nijar akwai samar wa matasa ayyukan yi 50,000 kowace shekara. Shekara goma ke nan, sai ka ce 500,000. To, ɗan'uwa, yau da dare idan an ɗora shayi, ƙirga 'yan fadarku ɗaya bayan ɗaya. Mutum nawa ne ke da aikin da ya san ƙarshen wata zai ɗauki albashi? Nawa ne suka bar lakwal da brebe ko bak, takardar tana cikin leda a ƙasan akwati? Nawa ne yanzu haka suke Kano, Legas, Tamanrasset ko Sabha? Yaron da yake da shekara goma ranar da aka yi wannan alkawari, yau ya kai ashirin, ana yi masa maganar aure, kuma kuɗin sabulu sai ya kalli hannun mahaifiyarsa.

Ko da a ce an cika alkawarin daidai, bai isa ba tun daga farko. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya a Nijar, kuma a lokacin muna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Ka buga lissafin: sama da mutum 600,000 ke ƙaruwa duk shekara, kuma kusan rabin 'yan ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Samari da 'yan mata dubu ɗaruruwa ne ke isa shekarun neman na kai kowace shekara. Dubu hamsin a gabansu, cokali guda ne a bakin taron biki.

Za su ce maka ai sun ma wuce adadin. Aikina a jam'iyya shi ne juya takardu daga Faransanci zuwa Hausa, shi ya sa nake zama in karanta rahotannin da gwamnati ke bugawa, kuma a nan ne dabarar take. Kalma guda suke sa wa malamar asibitin da aka ɗauka har ritaya, da saurayin da ya yi 'yan makonni yana haƙar rabin wata a fako aka sallame shi. A gefe sukan rubuta cewa wannan na dindindin ne, wancan na wucin gadi, amma a bakin lasifika jimillar kawai ake faɗa. Bahaushe kuwa bai taɓa haɗa su ba: sana'a daban, aikin albashi daban, ƙwadago da jinga daban. Gyaran fako abu ne mai kyau, yana raya ƙasa, ban raina shi ba. Sai dai ba wanda ya taɓa ajiye iyali da jingar wata guda.

Mu a nan, babban mai ɗaukar ma'aikata ba gwamnati ba ce, iyaka ce. Ɗan dako, karen mota, ɗan kamasho, ɗan canji mai jika a dama naira a hagu, ɗan kabu-kabu, mai faci, mai tuwo a tasha, yaron da ke kora bisashe zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis: duk iyaka ke ciyar da su. Manomin wake da aya da riɗi yana noma ne yana duban ɗan kasuwar da zai kai Dawanau a Kano. Kayan da ke fitowa Kwatano su shigo ta Gaya su sauka Maraɗi kafin su tsallaka, kowane buhu sai ya ratsa hannu goma, kowane hannu kuma da bakunan da yake ci da su. Ba minista ne ya ƙirƙiro waɗannan ayyuka ba. Iyayenmu ne, da mu.

Ranar 20 ga Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A watan Nuwamba ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wata goma sha shida aka yi a haka, ga kuma korona ta zo ta ƙara ƙulle a kan ƙulle. Ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, amma har zuwa Fabrairu 2021 ƙofar Jibiya, wadda ita ce numfashin Maraɗi da Ɗan Isa, a rufe take, haka ma Kamba. Kun ga manyan motoci jere suna shan rana. Kun ga dabbobin da aka dawo da su gida ba a taya ba. Kun san samarin da suka koma bin hanyar daji da dare da jarka ko buhu a bayan moto, kun kuma san waɗanda ba su dawo da ƙafafunsu ba.

Na ji mai cewa Buhari ne ya rufe, ba Isufu ba. Gaskiya ne. Amma ka riƙe wannan: daga Yuni 2019 zuwa Satumba 2020 Isufu ne shugaban ƙungiyar CEDEAO, wadda tushenta shi ne mutane da kaya su yi yawo ba shamaki. A Yamai aka yi bikin ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka ranar 7 ga Yuli 2019, a nan Buhari ya sa hannu, ba a kuma cika kwana hamsin ba aka datse mana ƙofa. A kamfen ɗin 2016 gwamnonin Kano da Jigawa har Damagaram suka zo taya Isufu neman ƙuri'a. Zumuncin da ya isa a zo kamfen, me ya hana shi isa a buɗe wa talaka hanya? In kuma buɗewar ta fi ƙarfinsu, me suka yi wa waɗanda abincinsu ya tsaya? Tambayi ɗan dakon unguwarku ko wani ya zo ya rubuta sunansa, ko an ɗaga wa mai shago fatanti na wata ɗaya. Abin da kowa ya tuna shi ne dokar kasafin kuɗi ta 2018 da sababbin harajinta, da yadda aka kama Ali Idrisa, Musa Cangari da Nuhu Arzika ranar 25 ga Maris na shekarar don sun kira jama'a su ce ba su yarda ba.

Idan kudu ta toshe, saurayi arewa yake kallo. Can ma ga abin da ya tarar. An yi doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, aka soma aiki da ita gadan-gadan a 2016, lokacin Bazum yana ministan cikin gida, kujerar da ya riƙe daga Afrilu 2016 zuwa Yuni 2020. Turai ta yaba, ta ba da kuɗi. A Agadas an kama direbobi, an tsare motoci, an yi musu alkawarin jarin sauya sana'a, ƙalilan ne suka gan shi. Tafiya kuwa ba ta tsaya ba, sai dai ta ƙara tsada da haɗari, don direba yana kauce wa rijiyoyin da aka sani. Mutanen Kance ba sa bukatar a tuna musu Oktoba 2013, da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Tun Disamba 2014 ake dawo da 'yan'uwanmu daga Aljeriya mota-mota, su huta, su sake komawa. Mace ba ta goya jariri ta shiga sahara don sha'awa. Ga kuma Arlit: ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK zai rufe, ma'aikata wajen 600 da wasu ɗaruruwan 'yan kwangila za su sauka, kuma da yawansu 'ya'yan kudu ne masu aiko da kuɗin hatsi gida.

Wanda ya yi karatu fa? An buɗe jami'o'i a jihohi, an gina cibiyoyin koyon sana'a a garuruwa, wannan ba na musunsa. Amma ɗalibi ya gama, ya yi shekara biyu na bautar ƙasa, ya dawo fada. Mai sa'a ya zama ɗan kwantiragi: yana koyarwa a ajin zana, ba lambar aiki, ɗan abin da ake ba shi ma sai ya yi yajin aiki kafin ya gan shi. A Yuli 2017 aka yi musu jarrabawa aka sallami dubbai. In ba su cancanta ba, wa ya ɗauke su, wa ya horar da su? Yarinya ta koyi ɗinki ba keke, saurayi ya koyi walda ba inji, in ma ya samu injin, wutar da ke zuwa mana daga Katsina ta ɗauke. Konkur kuwa, 'yan lakwal sun daɗe da raɗa masa suna PAC, wato dangi, abokai da sanayya.

Kada a ce maka babu kuɗi. Tun Nuwamba 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke aiki, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, amma a farkon 2021 lita tana dala 108 a gidan mai, shi ya sa ɗan kabu-kabu ke neman ruwa-ruwa. An shimfiɗa layin dogo wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a Janairu 2016 ana gab da zaɓe. Nemo mini mutum ɗaya da ya yi lodin buhun albasa a jirgin. Dogon da ake cewa zai iso Maraɗi daga Kano, wanda aka aza harsashinsa ranar 9 ga Fabrairu 2021, Najeriya ce za ta gina. An gyara filin jirgin Yamai, an tsayar da otal-otal don baƙin taron 2019. Sannan binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020 ya ambaci sefa miliyar 76 da ƙasa ta yi hasara a cinikin makamai. Don ka gane girman kuɗin: miliyan guda-guda ne ga mutum 76,000. Kuɗin kayan yaƙin sojojinmu ne, a lokacin da 'yan bindiga ke kore shanu da satar mutane a Madarunfa da Gidan Runji, manomi yana tsoron gonarsa mai nisa. Kuma kowa ya san saurayin da ba shi da abin yi shi ne mai saurin sauraron ɗan daji. Bayan duk wannan, rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na Disamba 2020 ya sa Nijar ta 189 cikin ƙasashe 189.

A ganina aikin matasanmu yana nan cikin abin da muke da shi, mun bar wasu suna cin ribarsa. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akra, amma manomi yana sayar da ita da arha lokacin cira, don in ya zuba a rudu wani kaso ruɓewa yake. Fatar jar akuyar Maraɗi duniya ta san ta, amma yawancinta ɗanya take tsallaka iyaka, a jeme ta can, a ɗinka, a dawo mana da takalmi. Aya, riɗi, raken Matamai, kilishi, duk haka. Filayen noman rani na Jiratawa da Ƙonni tun zamanin Kunce aka yi su. Nemo irinsu nawa aka ƙara mana a gulbin Maraɗi ko Korama. Rijiya da injin ban ruwa, ma'ajiya, majema, wutar da ba ta ɗaukewa, kayan aiki a hannun wanda ya gama koyo, rage shingayen karɓar na goro a hanya, konkur da za a liƙa sakamakonsa kowa ya gani, da gwamnatin da za ta zauna da Abuja kan maganar Jibiya kamar yadda take zama da Turai kan maganar Agadas. Da waɗannan nake so mu riƙe gwamnatin da za ta zo, ko da tamu ce, har ma in tamu ce mu fi matsa mata.

Za su tuna maka wahalar 1993 zuwa 1996, lokacin mulkin Nafarko. An sha wuya, ba ƙarya. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ba man fetur, baitulmali ba komai. Amma ka tambaye su wane ne firaministan Nafarko daga Afrilu 1993 zuwa Satumba 1994. Isufu ne. Shi kuwa Nafarko shekara uku bai cika ba sojoji suka kifar da shi. Su sun samu goma cif, da fetur, kuma ɗan takararsu da bakinsa yake cewa ɗorawa zai yi daga inda aka tsaya.

Ranar 27 ga Disamba Bazum ya samu kashi 39 cikin ɗari. Ma'ana, cikin masu zaɓe goma, shida wani suka zaɓa. Wasu shugabannin jam'iyyu sun koma wajensa, wannan lissafinsu ne; yatsanka ba ya cikin yarjejeniyar da suka sa wa hannu. Wanda ya kawo maka atamfa ko jika biyu, raba ta da kwanakin shekara biyar ka ga abin da ya saye ka. Wanda kuma ya zo maka da maganar fata ko ƙabila, ko daga ɓangarenmu yake, ka ce masa maganar aiki muke yi. Kada ka jefi kowa, kada ka ƙona komai, kai za a rufe a bar 'ya'yansu.

Ke uwa, ki kira ɗanki da ke ci-rani, in yana kusa ya dawo kafin Asabar. Kai saurayi, nemo katin zaɓenka tun yau, ka duba rumfarku, ka fita da sassafe da mutanen gidanku, ka dangwala wa Mahaman Usman. In an rufe rumfa kada ka tafi gida: ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka rubuta adadin, ka kai wa wakilin Canji na garinku.