Ya farka, ya daina cin yankan babansa

Ranar Lahadin da ta wuce wani dattijo ya zo gidana bayan la'asar. Na san shi tun lokacin da ɗansa yake ajina a CM2, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Muka gaisa, aka kawo ruwa, ya jima yana juya hularsa a hannu kafin ya ce, "Mushe, yaronka ya daina cin yankana." Da babbar salla ya yanka ragonsa kamar yadda ya saba, yaron ya ƙi taɓa naman. Ya daina bin sa salla. Ya gaya wa uwarsa cewa wuridin da take ja bayan asuba hanyar wuta ce. Da kawunsa ya tambaye shi abin da ya same shi, sai ya ce shi dai ya farka.

Wannan kalma ta farkawa yanzu tana bakin samari daga fadojin shayi na Maraɗi har zuwa Yamai. Na farka, na gane gaskiya, yanzu na san ko ni wane ne. In ka bi sawu sai ka tarar farkawar daga waya ta fito: bidiyo na minti uku a WhatsApp ko TikTok, wani malami yana ɗaga murya yana lissafa waɗanda za su shiga wuta. Yaro ya kalli talatin irinsa cikin mako guda, ya tashi da safe ya ga babansa ya zama mushiriki.

Ban raina ƙishirwar da ke cikin yaran nan ba. Ta gaske ce. Saurayi ya samu BEPC, ya faɗi bak sau biyu, ko ya samu bak ɗin babu aikin yi. Wani ya hau kabu-kabu, wani ya tafi haƙar zinariya Jado tun da aka gano ta a 2014, wani ya bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya ya komo hannu rabbana. Yana da shekara ashirin da biyar, ba mata, ba ɗaki nasa, kuɗin shayi ma sai an ba shi. Dole ne ya zauna wata rana ya tambayi kansa, ni wane ne, kuma mene ne amfanina a duniya? Wanda bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba shi ne abin tausayi.

Mu malaman lakkol muna da namu kason laifi, kuma ba zan ɓoye ba. Muna yara, in ka yi Hausa a aji sai a rataya maka ƙashi ko guntun katako a wuya, ka yini da shi har ka kama wani ya yi ka miƙa masa. Da muka shiga makarantar horon malamai aka koya mana yadda ake cusa nahawun Faransanci cikin kan yaro, amma ba wanda ya koya mana abin da za mu ce masa in ya tambayi asalinsa. Mun yaye yara sun san kogunan Faransa, ba su san dalilin da ya kawo Katsinawa Maraɗi ba. Gonar da mai ita bai shuka komai ba, duk iskar da ta zo da iri nata ne zai tsiro.

To sai ga wani ya zo ya ce wa wannan saurayi: kai ne cikin ƴan tsirarun da suka tsira, ka fi babanka sani, ka fi limamin unguwarku. Ba jarrabawa, ba shekarun zaman gaban malami, ba ko dala. Jiya ba kowa ba ne, yau alƙali ne mai yanke wa mutane hukuncin lahira. Wa zai ƙi irin wannan sarauta ta kyauta? Abin da nake musu a kai shi ne kiran wannan abu farkawa. Girman kai ne aka naɗa wa rawani.

Mu duba waɗanda suka farka da gaske. Imamu Gazali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, fada tana girmama shi. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. Da ya binciki zuciyarsa sai ya tarar neman suna ne ke tura shi, ba neman yardar Allah ba. Ya bar kujera ya bar albashi, ya tafi Dimashƙa, ya je Ƙudus da Makka, ya yi wajen shekara goma yana gyaran kansa. Mutum na farko da farkawarsa ta tuhuma shi ne shi kansa.

In Bagadaza ta yi nisa, mu dawo gida. Shehu Usumanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta a 1754, cikin ƙasar Gobir, wurin da yau yake cikin jihar Tawa. Ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya bi shi Agadas. Malam Jibrilu yana ganin mai aikata manyan zunubai ya fita musulunci. Shehu, duk da girman da yake ba malaminsa, ya ƙi bin sa a kan wannan, kuma ya rubuta dalilinsa. Haka nan a zamaninsa an yi wasu ɗalibai masu tare talakawa da tambayoyin tauhidi masu wuya, wanda ya kasa amsawa su ce ba musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana yaƙar wannan ɗabi'a. Na san za a ce ai Shehu ya yi jihadi. Mu mutanen Maraɗi da Tsibiri ba mu buƙatar a tuna mana, kakanninmu ne suka sha wannan yaƙi. Amma ya yi wajen shekara talatin yana yawon wa'azi da koyarwa, maza da mata, kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Yaronmu kuwa wata uku ya yi da waya.

Kada wani ya ɗauka faɗa nake yi da Izala. Tun da aka kafa ta a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, har ta ƙetaro mana nan, ta yi abubuwan da duk mai adalci zai yaba. Ta buɗe wa matan aure ƙofar islamiyya, ta rage wa talaka nauyin bikin aure da na suna wanda ke jefa shi bashi. Ina da abokai ƴan Izala da ke durƙusawa su gaida iyayensu ƴan Tijjaniyya kowace safiya. Kuma cikin ƴan ɗarika ma akwai samarin da suka je maulidin Kiyota sau ɗaya suka komo suna ganin duk wanda bai ja carbi irin nasu ba makaho ne. Ciwon ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Ko waɗanda suka farka ta ɗaya gefen, masu cewa addini gaba ɗaya barci ne su sun waye, da raina iyaye suke fara karatunsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littafin da yaran suke cewa sun koma gare shi ya riga ya yanke wannan magana. Suratu Luƙman ta yi zancen iyayen da ke matsa wa ɗansu ya yi shirka ƙarara, ta hana shi binsu a kan haka, amma ta umarce shi ya zauna da su da kyautatawa. Uwar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta ƙi ci ta ƙi sha don ya bar musulunci, bai bari ba, kuma ba a ba shi izinin wulaƙanta ta ba. To ina ga uban da ke salla biyar, yake azumi, ya sayar da akuyarsa ya saya maka littattafan lakkol?

Kuma mun ga inda abin ke kaiwa in ya fita daga zaure ya hau titi. A watan Nuwamba na 2000, lokacin bikin nunin tufafi na FIMA, an yi ƙone-ƙone a Yamai da Maraɗi, har gidan Iya bai tsira ba. A Janairun 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka, saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, alhali maƙwabtanmu da aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana komai ba. Samari ne a gaba a duk biyun. Masu zuga su suna gida. Yau ma mai bidiyon yana ƙirga masu kallonsa, ba ya nan ranar da uwa take kuka a ɗaki.

Na je na sami yaron a fadarsu ranar Talata. Ya tashi ya ba ni kujera, ladabin nan bai gushe ba tukuna. Na ce ya gaya mini abu guda da ya gano na aibi a kansa shi, tun da ya farka. Ya kawo mini aibin babansa, da na limami, da na mutanen unguwa kaf. Na ce a'a, naka nake tambaya. Ya yi shiru yana kallon butar shayi. Na tambaye shi wa ke sa masa kuɗi a wayar da yake kallon wa'azin, bai amsa ba, abokansa suka sunkuyar da kai. Ban ce na shawo kansa ba. Ya dai yarda zai zo gidana ranar Juma'a mu karanta tarihin Shehu tare.

Da na biya na gaya wa dattijon, sai ya ce matarsa ta soya kason yaron na naman layya ta rufe a kwano daban. Ƙannensa sun yi ta roƙo, ta hana kowa taɓawa.